Jan Biro da Wayar Hannu: Yi wa Aikin Ɗalibai Maki da Manhaja

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau da malaman makaranta za mu gana, amma iyaye kada ku yi nisa da rediyo, domin abin da za mu tattauna a cikin littafin ɗanku ko 'yarku yake ƙarewa. Maganar maki ce, wato duba aikin gida da gwaji da jinga, da kuma waɗannan manhajoji na wayar hannu da ake ta cewa suna ɗauke wa malami wahalar.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Tsarin ilimi na ƙasa a Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a babbar sakandare. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin makarantar gwamnati a cikin birnin Kano ko Zariya ko Gusau ya san abin da ke rubuce daban, abin da ido ke gani daban. Mu ƙaddara wata malamar lissafi tana da aji huɗu, kowane aji yara 80. Ranar da ta ba da aikin gida, littafi 320 ne za a jibge mata a kan tebur. In ta ba kowane littafi minti 3 kacal, ta buɗe, ta duba, ta ja biro, ta sa maki, minti 960 ke nan, awa 16 cur. Aikin gida guda ɗaya fa. Ba a yi maganar shirya darasin gobe ba, ba a yi maganar rijista ba, balle girki da 'ya'yan da ke jiranta a gida.

To me ke biyo baya? Kowa ya sani, ko da ba a faɗa a taron malamai. Wani malamin ya daina ba da aiki gaba ɗaya. Wani yana bayarwa, sai dai abin da yaro zai gani a ƙasan shafi sa hannu ne da kwanan wata, ba a karanta ko layi ɗaya ba. Wani kuma yana dubawa tsakaninsa da Allah, amma kafin littafin ya koma hannun mai shi an yi mako uku, an wuce babin, yaro ya ma manta tambayar. Sai ƙarshen zango ya zo, a kawo wa malami takardar cike makin si-e, ga gurabe ba kowa a ciki, ga firinsifal yana jira.

Shi kuwa wannan si-e, wato auna ɗalibi a kai a kai maimakon jiran jarrabawa ɗaya, tun cikin tsarin ilimi na 1977 aka shigo da shi, ya kuma kankama da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980. Wasu makarantun kashi 30 suke ba shi, wasu 40. Niyyar mai kyau ce: a gano rauni tun da wuri a yi maganinsa. Amma in makin da ke cikin gurbin daga ka aka ciro shi, an cuci yaro, an kuma yaudari iyayensa. Ni dai ban ɗora laifin duka a kan malami ba. An ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Wannan kukan ba yau aka fara shi ba, ba kuma a ƙasarmu kaɗai ba. A farkon shekarun 1930, wani malamin kimiyya na sakandare a jihar Mishigan ta Amurka, Reynold Johnson, ya ƙera na'urar da ke duba takardun gwaji. Dabararsa ita ce, baƙin fensir yana barin lantarki ya ratsa shi, saboda haka na'urar tana gane inda yaro ya shafa. Kamfanin IBM ya sayi dabarar, ya ɗauki malamin aiki, kafin ƙarshen shekarun nan na'urar ta shiga kasuwa. Jikokinta ne ke karanta takardun da 'ya'yanmu ke shafawa da fensir a jarrabawar WAEC da NECO, sai dai su da haske suke aiki. JAMB ma haka take yi kafin ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Abin da ya canja a yau shi ne, aikin da da sai babbar hukuma mai na'ura kamar tebur, yanzu kyamarar wayar da ke aljihun malami tana yin sa.

Bari in kwatanta muku manhaja guda ɗaya dalla-dalla, wadda ake kira ZipGrade, ba don talla ba, sai don ta fi dacewa da irin ajinmu, inda yara ba su da waya, malami kaɗai ke da ita. Akwai irinta da dama, kuma aikinsu kusan ɗaya ne.

Malam zai buga takardar amsa, mai gurbin tambaya 20 ko 50 ko 100, kowace tambaya da 'yan da'irori A, B, C, D, E. A kusurwoyin takardar akwai baƙaƙen murabba'ai, su ne kyamara ke kamawa ta san ta daidaita. Sai ya buɗe manhajar ya shigar da amsoshin da suke daidai, sau ɗaya tak. Yara su yi gwaji, su shafe da'irori, a tattara. Malam ya shimfiɗa takarda a kan tebur, ya riƙe waya a samanta, da zarar murabba'an nan sun shiga ido sai maki ya fito. Ya janye, ya sa ta gaba. Takardun aji guda, in hannu ya saba, kafin a kaɗa ƙararrawar komawa daga tara an gama. Ba ta buƙatar data a lokacin dubawa, kuma ana iya duba takarda 100 kyauta kowane wata, in an wuce nan sai a biya kuɗin shekara.

Ga 'yan abubuwan da sai wanda ya gwada ke sani. Takardar da aka naɗe aka cusa a aljihu tana ba kyamara wahala, don haka a hana yara lanƙwasa ta. Hoton da mai shago ya buga da tawada ta kusa ƙarewa, murabba'an suka yi fari-fari, shi ma matsala ne. A zauna kusa da taga, amma kada inuwar hannu ko ta waya ta faɗa kan takardar. Yaron da ya goge amsa bai goge da kyau ba, na'ura na iya ganin ya zaɓi biyu. Sannan babban abin tsoro: in Malam ya yi kuskure wajen shigar da amsar tambaya ɗaya, aji gaba ɗaya zai zalunta a lokaci guda. Saboda haka a ɗauki takarda uku ko huɗu a duba su da hannu, a gwada da abin da waya ta ce, kafin a amince.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in kun buɗe rediyo yanzu, muna magana ne kan yi wa aikin ɗalibai maki da manhajar waya. Yanzu kuma mun zo inda na fi so malamai su kasa kunne.

Yawancin wanda ya ga wannan abu, saurin ne ke burge shi. A ganina saurin ba shi ne babbar riba ba. Bayan an gama dubawa, akwai shafin da ke jera tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yara nawa suka ci kowace, waɗanda suka faɗi kuma wace amsa suka zaɓa. Wannan shafin da yawa ba sa ko buɗe shi, alhali nan ne dukiyar take.

Mu koma wurin malamarmu ta lissafi. A ce tambaya ta 7 ita ce: rabi a tara da sulusi, nawa ke nan? Amsa ita ce biyar bisa shida. Sai shafin ya nuna mata cewa cikin yara 80, 15 ne suka ci, 50 kuwa duk amsa ɗaya suka zaɓa: biyu bisa biyar. Malama, wannan ba canki-canka ba ne. Da zato suke yi, da amsoshinsu sun watsu ko'ina. Yara 50 sun bi hanya ɗaya sun faɗa rami ɗaya: sun tara ɗaya da ɗaya na sama sun sami biyu, sun tara biyu da uku na ƙasa sun sami biyar. Wato akwai wata ƙa'ida da suka gina a kansu, ba daidai ba ce, amma sun yarda da ita. In da littafi-littafi take dubawa cikin dare, ido na lumshewa, za ta yi ta jan kuros ne kawai, ba lallai ta lura kuskuren iri ɗaya ne ba.

To gobe da safe ta san abin yi. Ba za ta wuce babi na gaba ba. Za ta zana da'ira a allo ta raba biyu, ta tambaye su: wanda yake da rabin abu, aka ƙara masa sulusi, abin hannunsa zai ƙaru ko zai ragu? Za su ce zai ƙaru. Sai ta nuna musu biyu bisa biyar bai ma kai rabi ba. Su da kansu za su ga amsarsu ba ta yiwuwa, daga nan sai a shiga maganar daidaita lambobin ƙasa. Minti goma sha biyar sun isa. Wannan shi ne amfanin gwaji tun asali, kuma shi ne abin da tarin littattafai ya daɗe da ƙwace wa malami.

Haka nan in shafin ya nuna tambayar da har gwanayen aji suka faɗi, Malam ya koma ya karanta tambayar tasa. Sau da yawa ita ce ba ta fito sarai ba.

Akwai wata manhajar kuma, Plickers, wadda ko fensir ba a buƙata. Kowane yaro ana ba shi kati mai wani zane baƙi, gefensa huɗu A, B, C, D. Malam ya yi tambaya, yaro ya juya katinsa ya sa amsarsa a sama ya ɗaga, Malam ya bi aji da kyamara, nan take ya ga wa ya gane wa bai gane ba. Tana da daɗi ga yaro mai kunya, don na kusa da shi ba ya iya karanta amsarsa. Sai dai katunan 63 ne iyakarsu, kun ga babban aji sai an raba, kuma tana son intanet.

Ga manyan makarantu kuwa, kwalejojin ilimi da foliteknik da jami'o'i, inda ɗalibai ke da wayoyinsu, akwai Google Classroom da ta fito a 2014, da Moodle da jami'o'i da yawa ke amfani da ita. Da dama daga cikin malamanmu lokacin korona suka san su, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. A nan ɗalibi kan rubuta jingarsa da hannu, ya ɗauki hoto ya tura. Malam ya buɗe a wayarsa, ya yi zane a kan hoton, ya rubuta masa sharhi wanda shi kaɗai zai gani, ya sa maki, ya mayar. Ranar da aka miƙa aiki da lokacin duk suna rubuce. Rigimar nan ta "na bayar" da "ban gani ba", wadda ta sa ɗalibai da yawa maimaita kwas ba da laifinsu ba, ta sami shaida.

Ana kuma iya tsara ma'aunin ba da maki tun kafin a ba da aiki: a ce insha'i maki 20 ne, 8 na ma'ana, 5 na tsari, 4 na ƙa'idojin rubutu, 3 na tsabtar aiki. Ɗalibi ya gan shi kafin ya fara rubutu. Ko ba manhaja, wannan abu ne da ya kamata kowane malami ya rubuta a allo. Yana kare yaro daga son rai, yana kuma kare malami daga zargi. Kyamara ba ta san ɗan wane ba, ba ta san wanda ya yi wa Malam rashin kunya jiya ba. Mu kuwa 'yan Adam ne, littafi na 10 da na 200 ba da zuciya ɗaya muke duba su ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye.

Abin da waya ta fi iya dubawa shi ne tambayoyin zaɓi, waɗanda yara ke kira objektif. In malami ya ɗanɗana sauƙinsu, zuciya za ta raya masa ya mayar da kowane aiki haka. A kwana a tashi sai a sami yaro ya kai aji shida na sakandare, ya ƙware a shafa da'ira, amma a ce ya rubuta wasiƙar neman aiki mai sakin layi uku ya kasa. Rubutu da rubutu ake koyon sa, kuma sai wani ya karanta ya ce "a nan ka ɓace". Lissafi ma haka: amsar ƙarshe ba ta nuna a wane mataki yaro ya kauce. Don haka lokacin da waya ta rage wa malami a wajen objektif, ba na hutu ba ne duka. Wani kaso nasa na insha'i ne da aikin da ake nuna hanya, waɗanda sai ido da jan biro.

Akwai binciken da ya kamata kowane malami ya sani. A 1988 wata masaniya mai suna Ruth Butler ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. An mayar wa wasu yara aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da maki haɗe da sharhi. Waɗanda suka sami sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Masu maki kawai ba su ci gaba ba. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne na ukun: waɗanda aka haɗa wa duka biyun, su ma ba su fi masu maki kawai ba. Dalili kuwa duk malami ya taɓa ganin sa da idonsa. Ka raba littattafai, yaro ya buɗe ya ga 6 bisa 10, ya leƙa na maƙwabcinsa ya ga 8, ya rufe. Sharhin da ka ɓata dare kana rubutawa ko kallon sa bai yi ba. Bayan shekara goma, a 1998, Paul Black da Dylan Wiliam a Ingila suka tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa auna ɗalibi yana ɗaga karatu ne idan sakamakon ya canja abin da malami da ɗalibi za su yi a gaba.

Sikelin asibiti yana faɗa wa uwa nauyin jaririnta, amma ba ya shayar da shi. Manhaja lamba take bayarwa, da sauri kuma, to amma lambar ita ce mafi ƙarancin abin da yaro ke buƙata. Saboda haka ga shawara: wani lokacin a riƙe makin a cikin waya tukuna. A mayar da aiki da jimla ɗaya ko biyu, ba "ka ƙara ƙoƙari" ba, a'a, irin "ka daidaita lambobin ƙasa kafin ka tara, sake yin ta 7 da ta 9". In ya gyara ya kawo, sannan ya ga makinsa.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, irin su ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, na san akwai masu ɗaukar hoton insha'in yara su tura su ce a ba da maki. Suna iya taimakawa wajen tsara tambayoyi ko ma'aunin maki. Amma suna yin kuskure cikin cikakkiyar gadara, musamman da rubutun hannu, kuma ba su san yaron ba. Ba su san cewa wannan sakin layi mai kurakurai biyar na yarinyar da a zangon jiya ko jimla ɗaya ba ta iya haɗawa ba ne. Duk makin da zai shiga katin sakamako, malami ne zai amsa tambaya a kansa, gaban iyaye da gaban Allah. Kada ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba.

Sai maganar amana. Sunayen yara da makinsu da hotunan aikinsu sirri ne. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, har da neman yardar iyaye ko mai riƙo. Abu mafi sauƙi: a ba kowane yaro lamba, a shigar da lambar a manhaja, sunayen su zauna a rijistar makaranta. A sa wa waya makulli, tunda a gidajenmu waya ɗaya hannu nawa take bi. Kuma don Allah a daina watsa sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye. Yaron da ya zo na ƙarshe, unguwa duka ta sani kafin ya iso gida. Wannan ba horo ba ne, tozarci ne.

Kada kuma a jefar da rijistar takarda. Waya tana faɗuwa a ruwa, ana sace ta, kamfani ma yana rufewa. Edmodo manhaja ce da miliyoyin malamai da ɗalibai a duniya suka dogara da ita, a watan Satumba na 2022 aka rufe ta. Duk bayan gwaji a fitar da makin zuwa jadawalin Excel, a ajiye kwafi a wani wuri, a kuma kwafe a rijista. Jadawalin ma zai yi muku tarawa da fitar da matsakaici. 'Yan'uwanmu malamai na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ke ba da maki bisa 20 kuma kowane darasi da nauyinsa, sun fi kowa sanin yadda wannan lissafin ke cin dare a ƙarshen zango.

Ga shugabannin makarantu da masu makarantun kuɗi da hukumomin ilimi, kalma ɗaya. Buga takardun amsa kuɗi ne, data kuɗi ce, cajin waya ma a wasu garuruwan sai an biya. Ba adalci ba ne a ce wa malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya ɗauki wannan daga aljihunsa, sannan a yi alfahari da cewa makaranta ta shiga zamani. A sa shi cikin kasafi. Kuma kada a ce tunda ga manhaja, malami ɗaya ya isa yara ɗari. Waya ta rage nauyin dubawa, ba ta rage yawan yaran da ke buƙatar a tsaya a kansu ba.

Malamin da ke son gwadawa, kada ya fara da jarrabawar ƙarshen zango. Ya ɗauki aji ɗaya, tambaya goma, a babin da ya gama koyarwa a wannan makon. Ya nuna wa yara yadda ake shafa da'ira a allo tukuna. In ya duba, ya buɗe shafin nan na tambaya-tambaya, ya zaɓi biyun da aka fi faɗuwa, ya buɗe darasin gobe da su.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo yau, ku ce ya kawo littafinsa. Ko ba ku iya karanta abin da ke ciki ba, za ku gane ko jan biro ya bi ta shafin, za ku kuma iya tambayar sa: wacce ka faɗi, me Malam ya ce ka gyara, ka gyara?

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan yadda ake tsara tambayar zaɓi mai kyau, wadda amsoshinta na kuskure ma suke faɗa wa malami wani abu. Malaman da suka riga suka gwada ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, muna jiran saƙonninku, ku faɗa mana inda ta yi muku rana da inda ta ba ku kunya, mu karanta wa 'yan'uwa.  

(Kiɗan rufe shiri)